Gini a Bakin Hamada: Labarin Sansani na 201

Mutumin Jakusko in ya ce zai yi arewa, yawanci Gashuwa yake nufi, in ya yi nisa Nguru ko Machina. Bayan nan sai iyaka, sai ƙasar Damagaram, sai Tanut. Daga nan itatuwa suke fara gajarta har su ƙare, a shiga ƙasar Abzin, inda Agadas take. A tunanin yawancinmu wata duniya ce can, garin raƙuma da Buzaye masu rawani. Amma in aka shimfiɗa taswira aka auna a miƙe, tsakanin Nguru da Agadas kilomita 500 ne da 'yan kai, kusan daidai da tsakanin Nguru da Abuja. Yamai, babban birnin Nijar, ta fi Nguru nisa da Agadas. Ke nan abin da Amurka ta gina a bayan garin Agadas daga 2016 zuwa 2019 a maƙwabtanmu aka gina shi, duk da cewa da yawa daga cikinmu ba su ji sunansa a rediyo ba sai lokacin da aka ce masu shi su tattara su tafi.

Sunansa a takarda Sansanin Jiragen Sama na 201, kuma a takarda mallakar rundunar sojan Nijar ne. Kuɗi da injiniyoyi da kayan aiki kuwa duk na Amurka ne. Filin ya kai eka 2,200, kimanin kilomita 5 daga gari. Majalisar dokokin Amurka ta fara ware masa dala miliyan 50, kafin a gama ya lashe kusan miliyan 110, ban da kimanin miliyan 30 da ake kashewa kowace shekara don tafiyar da shi. Rundunar sojan saman Amurka da bakinta ta ce a tarihinta ba ta taɓa yin gini guda da hannun sojojinta da ya kai wannan girma ba. Ƙasar da ke da sansanoni daga Jamus har Japan ce take faɗin haka a kan wani fili da makiyaya ke ratsawa da awaki.

Mafarin abin a Libiya yake. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011, rumbunan makamai suka zama na kowa, kuma hanyar da makaman suka bi zuwa kudu ita ce tsohuwar hanyar ayari. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Gaddafi ma, Sa'adi, ta Agadas ya shigo Nijar a watan Satumba na shekarar. A 2012 arewacin Mali ya suɓuce daga hannun gwamnati. A Janairun 2013 Faransa ta kai sojoji Mali, wata guda bayan haka Shugaba Obama ya sanar da majalisarsa cewa ya tura sojoji kimanin 100 Nijar, domin su riƙa tayar da jirage marasa matuƙa daga filin jirgin Yamai. Ba a jima ba wutar ta iso Agadas kanta: ranar 23 ga Mayu 2013, 'yan ƙunar baƙin wake suka kutsa barikin sojan garin da mota cike da bama-bamai, wasu kuma suka auka wa ma'adinar yuraniyam ta Arlit a safiya ɗaya. Sojojin Nijar kimanin 20 suka rasu.

Matsalar Yamai ita ce tana can kusurwar yamma. Jirgin da ya tashi daga can zuwa kudancin Libiya, rabin mansa a hanya yake ƙonewa. Agadas kuwa a tsakiya take zaune: arewa Libiya da Aljeriya, yamma Mali, gabas Chadi, kudu Tafkin Chadi da arewacin Najeriya. Jirgin da aka yi wa ginin, MQ-9, yana iya wuce awa 24 a sama bai sauka ba, fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan mita 20 ne, kuma yana hawa inda ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa. A 2014 gwamnatin Shugaba Mahamadou Issoufou ta amince a ba da filin. Takardun sojan Amurka da 'yan jarida suka bankaɗo daga baya sun nuna dalilin zaɓen ƙarara: a duk yankin, Nijar ce kaɗai ta yarda a girke irin wannan jirgi a ƙasarta.

Agadas ba baƙuwar soja ba ce, kuma tana da dogon tunani. Sarautar Abzin ta kafu tun ƙarni na 15, hasumiyar babban masallacinta mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka da itacen goriba, tana tsaye tun wajen 1515, an sake ɗaga ta a 1844. Daga nan ayarin gishiri ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da gishiri da dabino, ya gangaro ƙasar Hausa ya sayi gero da tufafin Kano. Shi ya sa Hausa ce harshen kasuwar garin har gobe. A Disambar 1916, shekara 100 cif kafin katafilolin Amurka su fara ture ƙasa, Kawsan, jagoran Abzinawa mai alaƙa da Sanusiyya, ya shigo garin da goyon bayan Sarkin Abzin Tegama, ya tsare sojojin Faransa a cikin barikinsu na kimanin kwana 80. Sai a farkon Maris 1917 dakaru daga Damagaram suka kwance ƙawanyar, Turawan Ingila ma suka taimaka da sojoji daga Najeriya. Ramuwar da Faransa ta yi a kan mutanen gari, har da malamai, ba a manta da ita ba. Duk wanda zai kafa bariki a bayan irin wannan gari, ya kamata ya san da wane ido ake kallonsa.

Lokacin da aka zaɓa ma bai taimaka ba. Yawon buɗe ido, wanda ya ciyar da garin shekaru, ya mutu tun tawayen 2007 zuwa 2009 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya. Abin da ya maye gurbinsa shi ne jigilar matafiya zuwa Libiya. Kowace Litinin motocin Hilux ke fita a jere, maƙare da 'yan Najeriya da Gambiya da Senegal da Gini, kowa ya rungume jarkar ruwa da sandar da zai riƙe kada ya faɗo. Direba ya ci, mai gidan saukar baƙi ya ci, mai sayar da jarka da tabarau da rawani ya ci. Sai ga dokar 2015 da ta haramta wannan jigila, wadda aka fara aiwatarwa da ƙarfi a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci aka jibge. Zinariyar da ta ɓulla a Jado a 2014 ta ɗan ɗauke wa matasa hankali, a 2017 gwamnati ta rufe wurin. To, a daidai shekarun da ake toshe wa gari hanyoyin abincinsa ɗaya bayan ɗaya, a lokacin ne mutane suka wayi gari suna hangen fitilu suna ci dare da rana a bayan gari, inda ake zuba miliyoyin daloli a ƙasa.

Aikin kansa abin jinjina ne, wannan ko maƙiyi ya yarda. Waɗanda suka yi shi rundunar injiniyoyin sojan sama ce da ake kira RED HORSE, suna zuwa rukuni-rukuni, wasu su yi watanninsu su tafi, wasu su karɓa. Na farko a tanti suka kwana. Nijar ba ta da teku, tashar ruwan da ta fi dogara da ita a lokacin, Kwatano, tana da nisan fiye da kilomita 1,500 daga Agadas, kuma hanyar Tawa zuwa Agadas, wadda manyan motocin yuraniyam suka daɗe suna tattakawa, ramukanta sun fi kwaltarta yawa. In wani ƙarfe ya karye a jikin gireda ko injin niƙa dutse, ba kasuwar da za a aika yaro ya sayo. Sai a jira makonni, injin yana kwance, ma'aikata suna kallonsa.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka shimfiɗa titi a hamada abu ne mai sauƙi, tunda fili ne a baje, ba dutse ba kurmi. Akasin haka ne. Rairayi ba ya riƙe nauyi, kuma titin da ake so ba na ƙananan jirage kaɗai ba ne. An tsara shi ya ɗauki C-17, jirgin dakon kaya wanda in ya cika yake haura tan 250. Don haka sai an kankare ƙasar sama, a daddale ta ƙasa, a kawo dutse a niƙa shi ya zama tsakuwa, a zuba hawa-hawa, kowane hawa a jiƙa shi a bi shi da injin daddala har ya ƙi motsi, sannan a zo maganar kwalta. Kowane mataki ruwa yake sha, a ƙasar da ruwan shekara guda bai kai abin da Gashuwa ke samu a wata ɗaya na damina mai kyau ba. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana wuce digiri 40, ƙarfe ba ya taɓuwa da rana. Ga guguwar ƙura da ke tasowa kamar bango ta rufe komai, a tsayar da aiki, in ta wuce a koma sharar abin da aka share jiya. Mutanen Yusufari da Tulo-Tulowa, waɗanda tudun rairayi ke cinye wa gona da dausayi suna ji suna gani, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Ga jirgi kuma ƙura ba ƙazanta ba ce kawai, guba ce: tsakuwa ɗaya in injin ya zuƙe ta, ta isa ta lalata shi. Ke nan ko bayan an gama titi, shararsa aiki ne da ba ya ƙarewa.

An sa ran gamawa a ƙarshen 2018, aka zarce. 'Yan jaridar da aka bari suka leƙa a watan Afrilun shekarar sun tarar da manyan rumfunan jirage 3 a tsaye da hawan farko na titi. Kafin a kammala, titin ya kai kusan kilomita 2 a tsawo, mita 45 a faɗi. Kewaye da shi aka yi gari guda: ɗakunan kwana masu na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin cin abinci, wurin motsa jiki, asibiti, tankunan mai, janaretoci, da faifan sadarwar tauraron ɗan adam. Waɗannan faifai su ne ran wurin, domin irin wannan jirgi ma'aikatan da ke ƙasa tayar da shi kawai suke yi su kuma saukar da shi. In ya hau sama, wani ne a zaune a ɗaki a Amurka yake tuƙa shi, yana kallon bayan ƙasar Abzin a allo, in ya tashi aiki ya tuƙa motarsa ya koma gida wajen iyalinsa.

Sai shinge: waya mai reza, tudun ƙasa, hasumiyoyin gadi. Mu a ƙasar Bade mun san ganuwa, kufan ta Gogaram yana nan cikin ƙaramar hukumar Jakusko. Amma waccan ganuwa mutanen gari ne a cikinta, abin tsoro yana waje. Ta Agadas baƙi ne a ciki, mutanen gari a waje, ba su san abin da ake yi a bayanta ba. Inda bayani ya yi ƙaranci kuwa, jita-jita ce ke cika gurbi. Wasu suka ce zinariya ake haƙa da dare, wasu suka ce yuraniyam, wasu suka ce sansanin zai jawo wa garin harin da aka ce ya zo hanawa. Amurkawa sun ɗauki 'yan gari aikin leburanci da shara da girki, sun kafa tawagar hulɗa da jama'a da ke kai ɗauki makarantu da gyaran rijiyoyi. An karɓa an gode, amma kyautar benci ba ta amsa tambayar da ake yi. 'Yan ƙungiyoyin farar hula na Nijar sun yi ta nuna cewa tsarin mulkin ƙasar ya ce yarjejeniyar tsaro sai ta bi ta majalisar dokoki, wannan kuwa ba ta bi ba.

Abin mamaki, ba 'yan Nijar kaɗai aka bari a duhu ba. Ranar 4 ga Oktoba 2017, aka yi wa wata tawagar haɗin gwiwa kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo, wajen iyakar Mali. Sojojin Amurka 4 da na Nijar 4 suka mutu. Sai ga manyan sanatoci a Washington, ciki har da Lindsey Graham wanda ke kwamitin kula da harkokin soja, suna cewa ba su san ƙasarsu na da sojoji masu yawa haka a Nijar ba. Kimanin 800 ne a lokacin. Majalisar da ta sa hannu a kuɗin ginin ke nan. Wannan hari ya sauya manufar sansanin tun kafin a gama shi, domin makonni kaɗan bayansa gwamnatin Nijar ta amince a ɗora wa jiragen makamai masu linzami. Abin da aka fara da sunan ido a sama ya zama ido mai ɗauke da kibiya.

Ɗaya ƙafar aikin ita ce horo. Atisayen shekara-shekara da Amurka ke shiryawa da sojojin Afirka, Flintlock, an yi shi a Nijar a 2014, aka sake a Afrilun 2018 da Agadas a matsayin cibiya, sojoji kimanin 1,900 daga ƙasashe fiye da 20. Hamadar Nijar a shekarun nan ta zama kamar kowa da rumfarsa. Faransa ta farfaɗo da tsohon barikinta na zamanin mulkin mallaka a Madama, dab da iyakar Libiya, a ƙarshen 2014, ta yi titin jirgi, ta janye a 2019. A Satumbar 2018 jaridar New York Times ta fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana tayar da nata jiragen daga Dirku. Jamus ta horar da dakaru na musamman a Tiliya cikin jihar Tawa. Italiya ma ta kawo nata sojojin.

A Agustan 2019 jirgin dakon kaya ya fara sauka a sabon titin, ranar 1 ga Nuwamba kuma rundunar Amurka mai kula da Afirka ta ce jiragen leƙen asiri sun fara aiki daga Agadas. Kwana 39 bayan haka, ranar 10 ga Disamba, mayaƙa ɗaruruwa a kan babura da motoci suka mamaye barikin Inates suka kashe sojojin Nijar 71. Ranar 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, aka kashe 89. Gaskiya ne waɗannan wurare suna can yamma, nesa da Agadas, kuma gaskiya ne Amurkawa sun ce bayanan da suke bayarwa sun taimaka wajen farautar shugabannin 'yan ta'adda. Amma uwar da aka kawo wa labarin ɗanta ba taswira take dubawa ba. Tambayarta ɗaya ce, kuma ita ce tambayar da ta bazu daga Tilaberi har Difa: waɗannan jirage da aka ce suna ganin mutum yana alwala a tsakar gidansa, yaya ɗaruruwan babura suka taru ba su gani ba? A wajenmu ma an yi irin wannan tambaya a Afrilun 2021, lokacin da mayaƙan ISWAP suka shiga Geidam suka yi kwanaki, dubban mutane suka kwararo Gashuwa da Nguru da Damaturu da abin da suka iya ɗauka a ka. Ba aikin sansanin Agadas ba ne gadin Geidam, babu wanda ya yi mana wannan alkawari. Sai dai mai gudun hijira ba ya bambance jirgin wa ke sama.

Akwai wani ƙaramin labari da a ganina ya fi duk manyan bayyana yadda abin yake. A Nuwambar 2022, da rana tsaka, 'yan fashi suka tare motar da ta ɗauko albashin ma'aikatan sansanin 'yan ƙasa, suka kwashe kuɗi kimanin dala 40,000 suka yi gaba. Tsakanin inda aka yi fashin da shingen sansanin bai kai kilomita 2 ba. Wurin da aka gina don ya hango motsin mota a kudancin Libiya, an yi wa ma'aikatansa ƙwace a ƙofar gida.

Duk da haka, a idon Washington Nijar ce ta rage. Sojoji sun ƙwace mulki a Mali da Burkina Faso, sun sallami Faransa, 'yan Wagner na Rasha sun shiga Mali. A Afrilun 2022 majalisar dokokin Nijar ta amince, da ƙuri'a 131 a kan 31, a girke ƙarin sojojin ƙetare a ƙasar. Ranar 16 ga Maris 2023 Antony Blinken ya sauka Yamai, sakataren harkokin wajen Amurka na farko da ya taɓa ziyartar Nijar, ya yabi ƙasar a matsayin abin koyi a dimokuraɗiyya. A watan Yuni, kwamandan dakarun musamman na sojan ƙasan Amurka, Laftanar Janar Jonathan Braga, ya gana da takwaransa na Nijar, Birgediya Janar Moussa Salaou Barmou. Barmou ɗan hannun Amurka ne, ya yi horo a Fort Benning, ya yi karatu a jami'ar tsaro ta Washington. Ba a yi wata biyu ba, ranar 26 ga Yuli, dogaran fadar shugaban ƙasa ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum. Da aka raba muƙamai, Barmou ne ya zama babban hafsan hafsoshin sabuwar gwamnati. Da mataimakiyar sakataren harkokin waje Victoria Nuland ta zo lallashi a farkon Agusta, shi aka zaunar a gabanta.

Watannin da suka biyo baya mun ɗanɗana su a jikinmu. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, har aka fara maganar yaƙi. A Machina da Yusufari da Yunusari, inda gona ɗaya kan ratsa ƙasa biyu, auratayya kuma ta fi iyakar tsufa, wannan magana ba ta da daɗin ji. Dabbobin da ke gangarowa kasuwanninmu suka ragu, hatsin da ke haurawa ya tsaya. Sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A can Agadas kuwa jiragen sun koma kusan zaman kashe wando. Amurka ta ƙi kiran abin da ya faru juyin mulki har sai 10 ga Oktoba, saboda dokarta ta ce da zarar ta kira shi haka dole ta dakatar da taimakon soja. Ɗan shawagin da aka ci gaba da yi na tsaron sansanin ne kawai. Wato sojoji kimanin 1,000 suna ƙasar suna gadin kansu. Faransa ta kwashe nata 1,500 kafin ƙarshen Disamba, kuma Amurka ta yi zaton in ta yi shiru guguwar za ta wuce ta kanta.

A tsakiyar Maris 2024 wata tawaga ta iso Yamai: Molly Phee daga ma'aikatar harkokin waje, Celeste Wallander daga ma'aikatar tsaro, da Janar Michael Langley. Sun zo da kashedi a kan kusantar Rasha da kuma zargin cinikin yuraniyam da Iran. Tiani bai gan su ba. Ranar 16 ga Maris da dare, shekara ɗaya daidai da ranar da Blinken ya yi yabonsa, kakakin gwamnatin soja, Kanar Amadou Abdramane, ya bayyana a talabijin ya ce an soke yarjejeniyar soja da Amurka nan take. Ya ce yarjejeniyar ta 2012 takarda ce da ɓangare ɗaya ya ɗora wa Nijar ba tare da an tuntuɓi wakilan jama'a ba, ya kuma zargi tawagar da raini da barazana. Akwai abin dariya a ce sojojin da suka rushe majalisa su ne ke kukan an tsallake majalisa. Amma hujjar ba su suka ƙirƙire ta ba, a ƙasa suka tsince ta, inda 'yan farar hula suka yi shekaru suna nuna ta ba wanda ya kula. Zanen aro ba ya rufe katara. An auna nauyin da kowane taku na titin zai ɗauka, ba a auna takardar da duk ginin ke zaune a kanta ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A Afrilu masu horarwa na Rasha suka sauka Yamai da na'urorin kakkaɓo jirage. Aka yi zanga-zanga a Yamai, aka yi a Agadas kanta, ana cewa sojojin Amurka su fice. Firaminista Ali Mahamane Lamine Zeine ya shaida wa jaridar Washington Post cewa Amurkawa sun zauna a ƙasarsu ba sa yin komai alhali ana kashe mutane, sannan suka zo suna gindaya wa Nijar da wa za ta yi hulɗa. Ranar 19 ga Mayu ɓangarorin biyu suka sanar da wa'adin 15 ga Satumba. Jiragen C-17 da aka daddale titin domin su, su ne suka yi ta sauka suna kwashe makamai da na'urorin sirri. Abin da ɗaukarsa ta fi sayensa tsada, irin su rumfuna da ɗakunan kwana da janaretoci, aka bar wa Nijar. Aka fice daga sansanin Yamai ranar 7 ga Yuli, aka miƙa na Agadas ranar 5 ga Agusta 2024, fiye da wata guda kafin wa'adi. Daga tashin jirgin farko zuwa miƙa makulli bai cika shekara 5 ba.

Tun kafin jirgin ƙarshe ya tashi maganar ta tsallako Najeriya. A farkon Mayu 2024 wasu malaman jami'a da 'yan farar hula na Arewa, ciki har da Farfesa Attahiru Jega da Farfesa Jibrin Ibrahim, suka rubuta wa Shugaba Tinubu da shugabannin majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa, suna gargaɗin kada a karɓi sansanonin da aka kora daga Sahel. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya ce babu wannan magana, ba a kawo tayi ba, ba a kuma tattauna ba. Ƙin sansanin baƙi tsohon hali ne a ƙasar nan: yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da Ingila a 1960, zanga-zangar ɗalibai da 'yan adawa ce ta sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta soke ta a Janairun 1962. Ko da yake a Afrilun 2021, ana tsakiyar tashin hankalin Geidam, Shugaba Buhari da kansa ya roƙi Blinken a kawo hedikwatar rundunar Amurka mai kula da Afirka daga Stuttgart ta Jamus zuwa nahiyar.

A ƙarshen Disambar 2024 Tiani ya yi doguwar hira da Hausa a talabijin ɗin Nijar, ya juyo da zargin kan Najeriya, cewa ta ba Faransa wuri a yankin Tafkin Chadi da dazukan Sakkwato domin a hargitsa ƙasarsa. Hirar ta zaga wayoyin mutane daga Maraɗi har Nguru cikin kwana ɗaya. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya mayar da martani shi ma da Hausa a BBC, ya ƙaryata zargin, ya ce a je wuraren da aka ambata a tambayi mazauna ko sun ga sojan baƙi.